Shekarar da Awaki Suka Lashe Kanwar Kaka

Akwai labarin da na gaji da jin yadda kuke ba da shi. Duk sallah in kun taru a tsakar gida, sai wani cikinku ya ce, “Kun tuna ranar da Inna ta ba awaki kanwar Kaka?” Sai a kwashe da dariya, har jikokin da ba a haifa ba a lokacin su ma su taya. A bakinku abin ya koma kamar wata rana na tashi da baƙin rai, na wulaƙanta uwar mijina, tsohuwa ta tattara kayanta ta koma garin Isa. Ba haka aka yi ba. Za ni rubuta muku yadda aka yi, da laifina a ciki, don ina da shi. Kaka tana gaban Ubangijinta, Allah ya haskaka kabarinta, ba za ni ɗora mata abin da ba ta yi ba.

Shekarar ce yayarku ta dawo gida goyon cikin fari. Kun san ɗiyar farina ce, kun kuma san yadda aka raine mu a Sabon Birni: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi, ko faɗuwa ya yi a gabanka sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Shekara ashirin ina ce mata “ke” ko “yarinyar nan”. Kaka ce ta goye ta, Kaka ce ke kiranta Nafi, don haka da ciki ya tsufa kowa ya san wankan jego na Kaka ne. Ita kuwa abin ya zame mata kamar sarauta. Haihuwarta tara, kuma rabin matan unguwarmu ita ta yi musu wanka. Tun ciki na wata bakwai ta sa aka jibge itace a bayan ɗaki, aka wanke babbar tukunya, ta kuma aika Maraɗi aka sayo mata jar kanwa, dunƙule guda kamar kan jariri. Ta naɗe ta a tsumma ta ajiye cikin kwallarta, ba mai taɓawa.

Ni aikina kallo, kuma na iya shi. Na ga takalmin yayarku ya daina shiga, ta koma jan silifan babanku. Na ga in ta tashi daga tabarma zanen saƙar ya kwanta a ƙaurinta ya daɗe bai tashi ba. Na ji ta gaya wa Kaka cewa a wurin awo an ce jininta ya hau.

“Namiji na,” in ji Kaka. “Su ka kumbura ma uwa ƙafa tun ba su iso ba.”

Ranar awo na gaba sai na ce gwiwata na ciwo, za ni asibiti. Gwiwata lafiyarta lau, Allah ya yafe mini. Na zauna a bencin baya kamar ban san wadda ke gaba ba. Ranar aka yi sa’a, ko rashinta, wani saurayin likita ya zo daga Sakkwato tare da masu bincike, suna tambayar mata yadda suke jego. Da ya gama sai ya tsaya ya yi jawabi, rabi Hausa rabi Turanci. Abin da na tsinta shi ne, akwai ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, kuma a cikin masu yawan shan kunun kanwa haɗarin yana ninkawa. Ninki nawa ya ce? Ban riƙe ba, ba kuma za ni ƙirƙira muku ba. Wata mata daga gefe ta ce, “Likita, kai uwarka ba ta sha ba?” Wuri ya ɗauki dariya, maganar ta mutu nan. Ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini. Na yi sakandare, lissafi ne kawai abin da malamai suka taɓa yaba mini a kai. Ninkin me? Wanda ya ninka mudu da wanda ya ninka buhu duk sun ninka, amma ba kaya ɗaya suka ɗauka ba. Na ɗaga hannu. Ya duba agogo, ya ce direba na jira, hanya ba ta son yamma. Mutum ya taso tun daga Sakkwato ya tsorata mata cike da rumfa da kalma ɗaya, ya shiga mota ya tafi. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Sai na nufi Kulu. Kun san ta da Malama Kulu ungozomar asibiti, ni kuwa benci ɗaya muka zauna a makaranta. Na same ta a gida bayan azahar tana tsince wake. Da na gaya mata abin da ke cina, ta jawo faifai biyu, ta ce in ƙirga wake ɗari a kowane.

“Ma’u, misali za ni yi miki, ba ƙidayar asibiti ba ce. Kada ki je ki ce Kulu ta ce.”

Ta ce faifan dama masu jego ne ɗari da ba su sha kanwa ba, na hagu ɗari da suka sha. Ta ɗauko ’ya’yan tsamiya, baƙaƙe. Ta cire wake ɗaya a dama ta sa ɗan tsamiya a madadinsa. A hagu ta cire biyu ta sa biyu.

“Baƙaƙen su ne ciwon ya kama. Biyu a kan ɗaya, nawa?”

“Ninki biyu.”

“To shi likita ya ba ku. Rabawa ya yi. Yanzu ke ki yi ɗebewa.”

“Saura ɗaya.”

“Mace ɗaya cikin ɗari. Duka gaskiya ne, sai dai ɗaya ta fi ɗaya tsoratarwa. A wannan misalin sai mata ɗari sun bar kunu kafin a tsirar da guda, kuma ba wanda zai taɓa sanin ko wace ce, har ita kanta.”

Wallahi daɗi ya kama ni kamar ranar da aka ba ni sakamakon jarrabawa. Ga amsar da likita ya gudu da ita, a kan faifai. Daidai nan aka kira la’asar, na tuna na bar tukunya a wuta. Na miƙe ina gyara mayafi. Kulu ta ce in tsaya, saura rabi. Na ce mata na gane. Ku rubuta wannan a ranku, don nan ne laifina: na ce na gane.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma gaban ɗakin Kaka, na kawo faifaina biyu da wake da ’ya’yan tsamiya. Tunda ba ni da bakin cewa “ɗiyata”, sai na ce wani abu na gani a asibiti, na ce bari in nuna mata. Na yi komai yadda Kulu ta yi. A zatona in tsohuwa ta ga baƙaƙe biyu jikinta zai yi sanyi. Kaka ta sunkuya, ta sa yatsa, ta bi faifan hagu ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ƙwaya ba. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta yi shekara talatin tana awon gero.

“Wanga na waɗanda sunka sha?”

“Su ne, Inna.”

“Ɗari ba biyu, lafiya lau.” Ta juya kan na dama ta ɗaga ɗan tsamiyar nan guda. “Wagga fa, da ba ta sha ba, mi yak kama ta?”

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

“Ashe ko an sha ko ba a sha ba, wadda Allah ya nufa ita ta. Kuma don ƙwara guda kike so a bar jikata da ɗanyen jiki, sanyi ya shige ta? Kwashe wakenki, Ma’u, a dafa.”

Babanku yana bakin zaure yana jin mu. Na dube shi ko zai ce wani abu. Ya yi murmushi ya ce, “Inna ta fi ki lissafi.” Ya sa takalminsa ya fita. Da hannuna na kai wa Kaka hujja, na ƙirga mata ita ɗari-ɗari. Ranar ko abinci ban iya ci ba, kuma ba Kaka nake jin haushi ba, kaina nake ji.

Aka haihu, mace, wato Kaka ba ta canka ba da ta ce namiji ne, amma ba wanda ya tuna mata. Wanka ya kankama. Safe da yamma tukunya na tafasa, Kaka na tsoma ganyen dogon yaro tana fyaɗa wa yayarku har tururi ya rufe bayan gida. A fito a kwanta kan gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Kunu kuwa ƙwarya guda da safe, guda da yamma, kanwa ta kama shi har ya yi ja. Aka yi suna lafiya, ’yan Isa suka zo suka koma. Kowa na cewa mai jego ta yi kyau, ta cika. Ni na ga ba cika ba ce. Awarwaron hannunta ya nutse cikin fata. Daga bayan gida zuwa ɗaki, taku nawa ne, sai ta dafa bango ta huta. Da rana in za ta ɗan runtsa sai ta jingina da bango da matashi uku, ta ce in ta kwanta kamar an danne mata ƙirji. Ga wani busasshen tari. Ina wucewa ta ƙofar da tsintsiya, ina share wurin da na riga na share.

“Sanyi na,” in ji Kaka. “A ƙara kanwa, a ƙara wuta.”

Na sami babanku a zaure na gaya masa. Ya ce, “Sha’anin mata ne wannan, Ma’u. Inna ta yi wa mata nawa? Kada ki sa ni tsakani.” Mutumin da zai yi awa guda yana warware wa ɗalibai rabon gado, kashi takwas da kashi shida, amma numfashin ɗiyarsa sha’anin mata ne. Allah ya ba shi lafiya, na yafe, amma na ce za ni rubuta.

A kwana na goma da haihuwa na koma wurin Kulu, wannan karon ban tsaya ƙaryar gwiwa ba. Da ta ji matashi uku da tari, fuskarta ta canza.

“Ban ce ki tsaya ba? Kin ce kin gane. Zauna, minti biyu, in ba ki rabin da kika gudu kika bari.”

Ta sake jawo faifan nan biyu. Ta ce yanzu waɗannan ba kowace mai jego ba ce, mata ne irin Nafisa, waɗanda jininsu ya hau, suka kumbura tun da ciki. Misali ne dai har yanzu. A dama ta zuba baƙaƙe goma. A hagu ashirin.

“Raba.”

“Ninki biyu. Bai canza ba.”

“Ɗebe.”

Goma. Na dubi faifan hagu, ya yi dabbare-dabbare kamar jikin zabo. Ninkin nan guda da ya zama mace ɗaya a wancan faifai, ga shi ya zama mata goma a wannan. Ba abin da ya bambanta sai inda aka faro.

“Kaka ba ta yi ƙarya ba,” in ji Kulu. “A faifanta ta yi gaskiya. Ɗiyarki ce ba a can take ba. Kuma kada in cuce ki, masu binciken ma ba su gama yarda kanwa ce tushen ciwon ba. Ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Abin da na tabbata shi ne, kanwa ’yar’uwar gishiri ce, tana tsare ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuwa ba ta son ƙarin kaya. A daina yau. Kuma yau za a kai ta Sakkwato, ba gobe ba. Ga takarda.”

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar ruwan yamma ya fara tafasa, Kaka na zaune bakin gadon ƙasa da ƙwaryar kunu, tana lallashi: “Daure, Nafi, kurɓa uku.” Yarinyar ta ɗago ido ta dube ni, tana jan iska da baki, sannan ta sunkuyar da kai kan ƙwaryar, don ta san ba a neman ceto wurina.

“Nafisa,” na ce. “Aje ƙwaryar nan.”

Ita kanta waiwayawa ta yi, ta zaci wata ce ta shigo. Shekara ashirin ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba.

Na durƙusa gaban Kaka. Na ce, “Inna, ki yi mini gafara. Rabin lissafi na kawo miki rannan, ban tsaya an ƙare mini ba. Akwai wani faifai na masu hawan jini, nan take, kuma can baƙaƙen suna da yawa.”

“Kin dawo da wakenki?” in ji ta. “Ke ko kunya ba ki ji? Ɗiyar fari, kina kiran sunanta gaban mutane? Ni ad da jegon ga. Tashi ki ba ni wuri.”

Ta sake ɗaga ƙwaryar. Sai na karɓe ta daga hannunta. Ban fizge ba, duk wanda ya gaya muku na fizge ƙarya yake, amma na karɓe. Na fita da ita. Na san kuma muddin dunƙulen nan na cikin gida, ko mun je Sakkwato mun dawo zai koma cikin kunu, don Kaka ba mugunta take ba, ceton jikarta take yi iyakar saninta, kuma mai ceto ba ya jin bari. Na shiga ɗakinta, abin da ban taɓa yi ba sai da sallama da izini, na buɗe kwalla na ɗauko. Na tsaya tsakar gida da ita a hannu. In jefa a masai? Arzikin Allah ne, ba za ni iya ba. Sai idona ya faɗa kan turken awaki. Na kai musu na aje. Suka yo kanta kamar sun shekara suna jira.

Wannan ne wurin da kuke dariya. Ni abin da nake tunawa, Kaka a bakin ƙofa tana kallon kanwar da ta aika har Maraɗi. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi a hankali, “Ashe ni kashe ta nika yi.” Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na miƙa wa babanku takardar Kulu, na ce ko ya nemo mota ko in fita in nemo da kaina, unguwa ta gani. Ya nemo.

Kwana goma sha biyu muka yi a asibiti a Sakkwato. An ce zuciyar ta yi rauni, ruwa ya taru a huhu. Aka ba ta maganin da ke fitar da ruwa, aka hana gishiri da kanwa. Kwana uku awarwaro ya fara yawo a hannunta. Ranar da ta kwanta miƙe ta yi barci, na fita baranda na yi sujada. Kafin a sallame mu na tare likitan da ke duba ta, wani dattijo, na ce ya gaya mini gaskiya, kanwar ce? Ya ce, “Hajiya, a kan mata dubu ana iya magana. A kan mace ɗaya ba wanda zai rantse miki.” Na ce to da ban hana ba fa? Ya ce Allah ne masani. Ka ji fa. Na saɓa wa uwar mijina, na zubar da kunyar shekara ashirin, kuma ko takardar shaida ba za a ba ni ba cewa na yi daidai.

Muka dawo muka tarar Kaka ta koma Isa wurin Goggonku. Damina biyu ta yi can. Na bi ta sau uku, ta amsa gaisuwata ta juya fuska ga bango. Na aika da dambu, ya dawo da rufinsa. A unguwa na zama ’yar boko mai shiga ɗakin surukuwa, an daɗe ana haihuwa ba a aiko mini. Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda ya je gaishe ta sai ta ce kunun kwana goman da Nafi ta sha ne ya riƙe ta har ta kai Sakkwato. Da me za ni ƙaryata? Wadda aka tsirar ba ta da alama a goshi. Nafisa na raye, ni na ce don an daina, Kaka ta ce don an fara, kuma yarinya ɗaya ce, ba a raba ta faifai biyu a gwada. Amma ko yau aka mayar da ni bakin ƙofar nan, karɓe ƙwaryar za ni yi. Abin da za ni canza ɗaya ne, zama wurin Kulu har ta gama.

Da ƙafafun Kaka suka yi rauni babanku ya je ya ɗauko ta. Ta dawo ɗakinta, ta ci tuwona, ba ta tada maganar ba, ni ma ban tada ba. Muka zauna haka, da ladabi, kamar baƙi biyu a gidan biki. To in za ku ba da labarin awaki, ku haɗa da wannan da za ni faɗa, don kuna makaranta ranar, ba ku gani ba.

Shekarar da Saratu, mai bin Nafisa, ta dawo goyon ciki, na lura ba a aika Maraɗi ba, ba a kuma ce ba za a aika ba. Itace dai an jibge. Wata rana da hantsi ina shanya, Kaka na zaune a inuwa da faifai a cinya tana tsince wake. Saratu ta wuce ta gabanta, tsohuwa ta bi ƙafafunta da kallo har ta shige ɗaki. Ba ta dube ni ba, ba ta daina tsintar ba.

“Ke Ma’u.”

“Na’am, Inna.”

“Wagga, wane faifai take?”

Na ce ban sani ba, sai na tambayi Kulu.

“To je ki tambayo,” in ji ta, ta jefar da wata ƙwaya mai huji. “Ki kuma zauna har ta ƙare magana.”

Na bar wankin a bokiti, na ɗauki mayafina.